Daga Ganga Zuwa Fiffike: Sana'ar Shayar da Ƙananan Jiragen Sama Mai a Katsina

Ƙaramin kamfanin da nake riƙe da shi a Katsina aikinsa ɗaya ne, wato samo wa ƙananan jiragen sama mai, da adana shi, da zuba shi cikin tankunansu yadda matuƙi zai tashi hankalinsa kwance. Ba mu da hulɗa da manyan jiragen fasinja, ballantana na alhazai da ke tashi daga Filin Jirgin Sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa, domin waɗannan manyan dillalai ne ke shayar da su. Namu su ne masu inji ɗaya ko biyu: jirgin feshi da ake kawowa idan tsuntsaye jan-baki suka sauko wa gero da dawa da shinkafa, da jirgin masu ɗaukar hoton ƙasa don aikin safiyo, da jirgin haya mai ɗaukar mutane kaɗan, sai kuma jefi-jefi na ɗalibai masu koyon tuƙi. Daga harkar gidan mai na shigo wannan sana'a, kuma duk wanda ya biyo wannan hanya zai tarar cewa sanin da ya kawo bai kai rabin wanda ake bukata ba, saboda a gidan mai ciniki yana ƙarewa ne da zarar an rufe murfin tanki an karɓi kuɗi, amma a nan alhakin man yana wuyanka har sai jirgin ya sauka inda za shi.

Mai iri biyu muke ajiyewa, kuma ba sa haɗuwa ko a ɗakin ajiya ko a tiyo ko a mazurari. Na farko shi ne abgas, wanda fetur ne na musamman don injin da ke aiki da fistin da fulogi irin na mota. Wanda ya fi yawa a duniya shi ne mai lamba 100LL, ana rina shi shuɗi tun daga matata domin a gane shi da ido, kuma akwai sinadarin dalma a cikinsa wanda ke hana shi fashewa a cikin silinda kafin lokacinsa. Na biyu shi ne Jet A-1, ɗan'uwan kananzir, fari kamar ruwa ko ya ɗan ja zuwa rawaya, wanda ba ya daskarewa sai sanyi ya kai digiri 47 ƙasa da sifiri. Nauyinsu ma ba ɗaya ba ne, domin litar abgas ba ta wuce kimanin giram 720 ba, ta Jet A-1 kuwa tana kusan giram 800. A ganga mai lita 200, bambancin ya kai kilo 16.

Sabon yaro yakan ɗauka cewa duk jirgi mai farfela abgas yake sha, kuma wannan zato shi ne abu na farko da nake cirewa daga kansa. Cessna Caravan yana da farfela ɗaya a hanci, amma injinsa na tabain ne, wato dangin injin manyan jiragen fasinja, Jet A-1 yake sha. Jiragen Diamond DA40 da DA42 irin waɗanda Kwalejin Koyon Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, take koyar da ɗalibai da su, ƙanana ne ƙwarai, a ido ba su da maraba da masu shan abgas, amma injinsu irin na dizal ne, su ma Jet A-1 suke sha. Kuskuren da ya fi muni shi ne a zuba Jet A-1 a jirgin abgas. Injin zai tashi lafiya, zai kuma yi gudu a ƙasa lafiya da ragowar man kirki da ke cikin bututu da kafireto, sai matuƙi ya ba shi wuta gaba ɗaya ya bar ƙasa sannan gurɓataccen man zai iso, ya riƙa fashewa a silinda har ya ƙone kan fistin, a daidai lokacin da jirgin bai yi nisan da zai iya juyowa ba. Launi kuma ba ya tona asirin gaurayen, domin ko an zuba kananzir mai yawa cikin abgas, shuɗin nan yana nan. Abin da muke yi shi ne mu ɗiga man a kan farar takarda: abgas zalla yakan bushe nan take bai bar komai ba, wanda aka gauraya kuwa yakan bar da'irar maiƙo. Masu ƙera kayan aikin sun taimaka, sun yi bakin tiyon Jet A-1 da faɗi yadda ba zai shiga ƙaramar ƙofar tankin abgas ba, kuma tambarin abgas ja ne, na Jet A-1 baƙi. Duk da haka ba na yarda a buɗe murfin tanki sai matuƙi ya rubuta irin man da yake so da yawansa a takardar oda ya sa hannu, yarona kuma ya karanta abin da ke rubuce a jikin fiffike kusa da murfin da babbar murya, na ji da kunnena.

Yawancin man da muke sayarwa a ganguna yake zuwa, musamman abgas, wanda daga ƙasashen waje ake shigo da shi, ya sauka a Legas, sannan a ɗoro shi a mota ya ratso ƙasar nan tun daga kudu har arewa. Kowace ganga tana zuwa da hatimi a bakinta da lambar rukunin da aka cika ta a ciki, kuma wannan lamba dole ta yi daidai da ta takardar shaidar inganci. Gangar da hatiminta ya karye ba man jirgi ba ce a wurina, ko da mai kawowa zai dafa Alƙur'ani. Kwantar da su muke yi a kan katako cikin inuwa, murafen biyu suna daidai da juna a tsakiya, ta yadda man da ke ciki zai rufe su daga ciki. Dalili shi ne ganga tana numfashi. Da rana man ya kumbura ya turo iska waje, da dare ya tsuke ya zuƙo ta ciki, kuma idan gangar a tsaye take ruwan sama ya kwanta a kanta, to ruwan za ta zuƙa ta gefen murfi ko da an ɗaure shi tam. Ganga mai rufin tutiya a ciki da bututun tagulla ba su da wuri a ɗakin ajiyarmu, saboda dukansu suna ɓata man. Wadda ta cika wata goma sha biyu a ajiye kuwa sai an ɗebi samfurinta an kai ɗakin gwaji kafin a taɓa ta.

Ruwa ya fi mai nauyi, don haka ƙasa yake komawa, amma ba ya komawa da gaggawa. Ƙa'idar da ake bi a manyan ma'ajiyai ita ce a bar abgas ya kwanta minti 45 ga kowace mita ɗaya ta zurfi, Jet A-1 kuwa awa uku ga kowace mita, domin ya fi kauri kuma ya fi riƙe ƙananan ɗigon ruwa. Ni da wannan ƙa'ida nake auna ganguna, shi ya sa tun da daddare muke tayar da waɗanda za a sha da safe, mu ɗan karkata su da ɗan itace a ƙarƙashi domin ruwa da laka su taru a gefe guda, nesa da bakin bututun famfo, wanda shi ma ba ya kaiwa har gindin gangar. A nan ne muke yawan samun saɓani da masu kuɗi. Wani wakilin masu hayar jirgi ya taɓa tsayawa a kaina yana cewa, "Alhaji, don girman Allah a zuba mana, mai girma ya riga ya baro gida." Na ce masa, "Ranka ya daɗe, gangar nan yanzu aka sauke ta daga mota, ka taɓa ka ji ko hucewa ba ta yi ba. Akwai wadda ta kwana a tsaye, amma rabin abin da kuke so ce. In Kyaftin ya ce rabin zai kai ku Kano ku ƙara a can, bismilla, in ba haka ba sai a jira." Matuƙin bai ce uffan ba, ya dai ɗauko takardarsa ya yi lissafi, ya karɓi rabin. Ban taɓa ganin matuƙin da ya yi fushi don an sa shi jira saboda mai ba. Masu fushin kullum su ne waɗanda za su zauna a kujerar baya, ko waɗanda ma ba za su shiga jirgin ba.

Gwajin safe kuwa da ido ake fara shi. Ana samun farar kwalbar gilashi mai faɗin baki, wadda aka wanke aka ɗauraye da irin man da za a gwada, a zuƙo kamar lita ɗaya daga can gindin ganga, a ɗaga ta saitin haske. Man kirki garau yake, yana ƙyalli, kana hango yatsunka ta bayan kwalbar. Sai a juya kwalbar da hannu har man ya yi 'yar guguwa a ciki, duk wani yashi ko ɓarɓashin tsatsa ko ɗigon ruwa zai tattaru a tsakiyar gindin inda ba zai ɓuya ba. Idan man ya yi dishi-dishi, to akwai ruwan da bai gama kwanciya ba. Akwai kuma tarkon da ke kama wanda bai saba ba, wato kwalba ta cika da ruwa zalla, shi ma garau, mutum ya ɗauka Jet A-1 ne, don haka sai an shinshina, an kuma shafa man gano ruwa a bakin sanda an tsoma, wanda ke sauya launi da zarar ya taɓa ruwa. Ga Jet A-1 muna ƙarawa da wani ɗan ƙwanso mai takarda rawaya da ake maƙalawa a bakin sirinji a zuƙo man ta cikinsa, idan takardar ta koma kore an san ruwan ya wuce kima. Daga nan sai a auna nauyin man da ma'auninsa na gilashi tare da zafinsa, a gwada da abin da ke cikin takardar shaida. Idan bambancin ya wuce kilo 3 a kowace lita dubu, an gauraya shi da wani abu a hanya, sai a ware gangar a shafa mata jan fenti. Mutane sun ƙara fahimtar dalilin wannan wahala tun daga watan Yulin 2023, lokacin da aka tatso ruwa mai yawa daga tankin wani jirgin fasinja a Yola, har Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya ta shiga binciken masu sayar da man.

Tankin jirgin kansa ba hurumina ba ne in kwance ko in gyara, wannan aikin injiniya ne mai lasisin hukumar. Amma mai zuba mai shi ne yake hawa tsani ya leƙa cikin tankin fiye da kowa, don haka wajibi ne ya san abin da yake kallo. A yawancin ƙananan jirage cikin fukafukai tankunan suke, kuma gininsu iri uku ne. Akwai tankin alminiyam da ake ƙerawa daban a zura cikin fiffike. Akwai jakar roba mai kauri da ake shimfiɗawa a ciki a maƙale ta da maɓallai, irin wadda ke cikin Beechcraft Bonanza da tsofaffin Cessna 182. Akwai kuma inda fiffiken kansa ne tankin, an bi duk mahaɗar ƙarfe da kan ƙusoshi an lilliƙe da wani gam na musamman. Kowanne da cutarsa. Na gam yakan fara tsattsafo idan gam ɗin ya tsufa, kuma a jirgin abgas rinin nan yana taimakonmu, domin man ya bushe ya bar shuɗin tabo a ƙarƙashin fiffike, wanda nake sa yara su duba tun kafin su kafa tsani. Jakar roba ita ce ta fi ba ni tsoro a ƙasarmu. Idan aka bar jirgi a rana da tanki wayam, robar takan bushe ta tsattsage, idan kuma maɓallanta suka saki sai ƙasanta ya yi ƙunci-ƙunci, ruwa ya maƙale a bayan kowane ƙunci bai gangaro wurin tatsa ba, wato 'yar kafar da ke gindin tanki inda ake tatso mai a kwalba a duba ko da ruwa. Matuƙi ya tatsa ya ga mai garau, ya tashi, jirgin ya karkata a sama, ruwan ya tsallako ya nufi inji. Shi ya sa masu irin wannan jirgi suke kama bakin fiffike su girgiza shi sama da ƙasa, su jira, su sake tatsa, har sai kwalba ta daina nuna komai.

Wuraren tatsar ma ba ɗaya ko biyu ba ne a kowane jirgi. Sabon samfurin Cessna 172 yana da guda 13, biyar a ƙarƙashin kowane fiffike, uku a ƙarƙashin ciki, kuma matuƙin kirki duk sai ya bi su. Da damina ruwan ta murfi yake shiga, musamman murfin da ke kwance daidai da fatar fiffike, wanda ɗan zoben roba ne kawai ke tsakaninsa da ruwan sama, kuma rana tana cinye wannan zobe. Idan yarona ya ga zoben ya tsage, umarnin da na ba shi shi ne ya sauko ya kira matuƙi ya hau ya gani da idonsa. A tankin Jet A-1 ruwan da ya daɗe yana haifar da wata matsalar, domin akwai ƙwayoyin halitta da ke rayuwa a mahaɗar ruwa da mai, su zama baƙar yauƙi mai toshe filta, mai kuma cin alminiyam.

Abokin gabar da baƙin matuƙa ba su san da shi ba a nan shi ne zanzaro. Kowane tanki yana da ɗan bututun shaƙar iska, galibi a ƙarƙashin fiffike, domin duk litar da inji ya sha sai iska ta shiga ta maye gurbinta. Wannan ɗan rami daidai yake da abin da zanzaro ke nema, kuma cikin ɗan lokaci zai ɗebo laka ya gina ɗakinsa a ciki, can inda ido ba ya kaiwa. Jirgin zai tashi kamar ba komai, amma yayin da man ke raguwa iska ba ta shiga, sai tankin ya riƙe sauran man ya hana shi gangarowa, inji ya mutu alhali tanki cike yake, wani lokacin ma famfo ya tsotse tankin har ya lotsa. Na taɓa ganin injiniya ya zaro irin wannan gini daga bututun wani jirgin feshi da ya kwana biyu a ajiye, busasshiyar laka ja mai tsawon gaɓar yatsa, da tsutsar a ciki. Tun daga nan duk jirgin da zai kwana a hannunmu muna rufe masa waɗannan ramuka da marufi mai ƙyale iska, mai jan ƙyalle yana reto, domin kada a manta a cire kafin tashi.

Yadda man ke barin tanki ya isa inji ya danganta da inda fiffiken yake. Jirgi mai fiffike a sama, irin Cessna 172, tamkar gida ne mai tankin ruwa a kan soro, man da kansa yake gangarowa, kuma makunnin zaɓen tankinsa yana ba da damar a sha daga hagu, ko dama, ko duka biyun lokaci guda. Mai fiffike a ƙasa, irin Piper Cherokee, sai an jawo man da famfo, don haka yake da famfon da inji ke juyawa da kuma na lantarki da ake kunnawa lokacin tashi da sauka da lokacin sauya tanki. A irin wannan jirgi babu zaɓin duka biyu, saboda da zarar tanki ɗaya ya ƙare famfo iska zai riƙa zuƙa daga gare shi ya bar mai cike. Dole matuƙi ya riƙa sauyawa da hannunsa, da yawa suna yi duk rabin awa, domin kada fiffike ɗaya ya fi ɗaya nauyi, kuma kada ɗaya ya ƙafe ba a sani ba. Masu binciken haɗurra suna rarrabe jirgin da mansa ya ƙare ƙurmus da wanda yake da mai amma bai kai ga inji ba, kuma na biyun ya fi ciwo. A watan Oktoban 1997 mawaƙin Amurka John Denver ya mutu a gaɓar tekun Kalifoniya cikin wani ƙaramin jirgi samfurin Long-EZ, wanda maƙerinsa ya sa makunnin zaɓen tanki a bayan kafaɗar hagu ta matuƙi. Binciken ya nuna cewa juyawar da ya yi don ya kai hannu ga makunnin ce ta sa jirgin ya ƙwace masa. Saboda haka idan matuƙi ya ce in cika tanki ɗaya in bar ɗaya rabi, nakan rubuta abin da ke cikin kowanne daban a takarda, in kuma faɗa masa da baki.

Gejin mai na ƙaramin jirgi ba abin dogaro ba ne shi kaɗai. Ɗan abin da ke yawo a kan man yakan maƙale ko ya tsufa, fiffike kuma shimfiɗaɗɗe ne marar zurfi, ɗan karkacewar ƙasa kaɗan sai allurar ta faɗi abin da ba shi ba. Gani ya kori ji, don haka kowane jirgi yana da sandar awonsa mai zane-zane, wadda aka yi domin tankinsa shi kaɗai, ana tsoma ta a tsaye bayan an ajiye jirgin a wuri mai daidaito. Sandar wani samfurin ba ta aiki a wani. Sannan ba duk abin da ke cikin tanki ne inji ke iya sha ba. Cessna 172S yana ɗaukar galan 56 na Amurka, amma 53 ne kawai ake lissafi da su, wato kimanin lita 200, ganga guda ke nan, sauran ukun suna kwance a inda bututu ba ya kaiwa.

Maganar galan ta kawo ni ga abin da nake ganin ya fi komai sauƙin kashe mutum a wannan sana'a, wato ma'auni. Famfonmu da lita yake ƙirga. Littafin jirgin da aka ƙera a Amurka da galan yake magana, kuma galan ɗinsu lita 3.785 ne, na Ingila kuwa lita 4.546, ga kuma galan ɗin 'yan bumburutu na bakin titi wanda yaranmu suka taso da shi, mai lita huɗu ko biyar. Matuƙin jirgin tabain shi kuma da laba ko kilo yake lissafi. Wanda ya nemi galan 40 yana nufin na Ingila aka ba shi na Amurka, ya yi asarar lita 30, kusan tafiyar awa guda a ƙaramin jirgi. A watan Yulin 1983 wani Boeing 767 na kamfanin Air Canada ya tashi da man da bai kai rabin bukatarsa ba saboda an yi lissafi da laba a inda ya kamata a yi da kilo, injinansa biyu suka mutu a sama, Allah ya sa matuƙan suka lallaɓa da shi suka sauka a wani tsohon filin soja a garin Gimli na ƙasar Kanada ba a rasa rai ba. A wurinmu mutum biyu ne suke yin kowane lissafi, kowa a takardarsa, sannan a gwada.

Cika tanki fal ba kullum ne daidai ba. Lita 200 na abgas kilo 144 ne, nauyin manyan mutane biyu, kuma jirgi mai kujera huɗu ba kasafai yake iya ɗaukar mutum huɗu da kayansu da cikakken tanki ba, balle a bazarar Katsina, inda zafi ke haura digiri 40, iska ta yi sakayau, fiffike da inji duka su rage ƙarfi. Zafin yana kumbura man da kimanin kashi ɗaya cikin ɗari a duk ƙarin digiri goma, kuma sararin da maƙera ke bari a tanki don wannan kumburi zai iya zama kashi biyu cikin ɗari kacal, don haka jirgin da aka cika har baki da asuba aka bar shi a rana, kafin azahar za ka tarar yana ɗigar da mai ta bututun iska. A ɗaya gefen kuma ga hunturu. Daga Katsina zuwa Abuja ta sama kimanin kilomita 440 ne. A ce jirgi yana gudun kilomita 210 a awa, iskar arewa maso gabas kuma tana tura shi da kilomita 35, zai isa cikin awa ɗaya da minti 48, amma a dawowa iskar tana gabansa, sai ya yi awa biyu da rabi. Wanda ya auna man dawowa da abin da ya sha a zuwa ya yi ƙwauron sama da lita 20. Idan ya iso ya tarar hazo ya rufe Katsina, Kano da zai koma tana da nisan kilomita 140 da 'yan kai, kuma sau da yawa hazon da ya rufe mu ya rufe su. Mafi ƙarancin ajiyar da aka saba shar'antawa ita ce man minti 30 da rana, minti 45 da dare, amma a ganina wanda ya tsaya a kan wannan a watan Janairu a arewacin Nijeriya ya cika doka ne kawai, bai yi wa kansa adalci ba. Hukuncin na matuƙi ne, ni dai nakan ce, "Kyaftin, ka ga yadda gabas ta yi fari kuwa?" in yi shiru.

Hunturun ne kuma lokacin da muka fi tsoron gobara. Iska ta bushe ƙarau, man da ke gudu cikin tiyo da filta yana tara lantarki a jikinsa, jirgin da ya sauko shi ma ya taro nasa, tartsatsi ɗaya tsakanin bakin tiyo da bakin tanki ya isa. Kafin a taɓa murfi sai an maƙala waya daga famfo da ganga zuwa wani ƙarfen jirgin marar fenti, kuma ita ce ake cirewa a ƙarshe bayan an rufe. Tururin abgas yana kamawa a kowane irin yanayi. Jet A-1 ana yi masa kallon mai sanyin hali saboda sai ya kai digiri 38 yake fitar da tururin da zai kama, amma wannan kwanciyar hankalin mutanen ƙasashen sanyi ce, mu a watan Afrilu inuwa ma ta wuce haka. Jarkar roba, da rigar leda, da wayar hannu a aljihu, duk na hana su a wurin aiki. Na kuma hana tsotsar tiyo da baki irin ta bakin titi, da ɗibar ragowar samfuri a kai gida a zuba a babur ko risho, domin dalmar da ke cikin abgas guba ce mai taruwa a jiki.

Ta fuskar ciniki, sana'a ce mai cin jari da haƙuri. Kuɗin abgas yana bin dala, ka saya da tsada ka ajiye, wataƙila jan-baki ba su zo ba a wannan shekarar, ko sun zo ba a saki kuɗin feshi ba, ganguna suna kwance wa'adinsu yana ƙaratowa. Kai mai wajen gari ma sai da takardu, musamman tun daga 2019 da aka taƙaita kai man fetur yankunan da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, abin da ya shafi irin su Jibiya da Mai'aduwa, kuma jami'in da ke shingen hanya ba lallai ne ya bambance gangar man jirgi da ta fasa-ƙwauri ba. Kowace ganga tana da shafinta a littafinmu: ranar da ta zo, lambarta, sakamakon gwajinta, jirgin da ya sha ta, da wanda ya zuba, domin idan wani abu ya faru wannan littafi ne masu bincike za su fara nema. Jet A-1 ya fi sauƙin samu tun da matatar Dangote ta fara fitar da shi a 2024, masu ƙananan jirage kuma suna ta komawa ga injinan da ke shan sa, har odar abgas ta ragu a hannuna ƙwarai. Abin da nake tarin kuɗi dominsa yanzu shi ne ƙaramar tanka ta bakin ƙarfe marar tsatsa, mai lita dubu biyu, wadda mota za ta riƙa ja, da filtarta mai raba ruwa da mai, domin Jet A-1 kaɗai. Abgas kuwa zai ci gaba da zama a ganguna, kaɗan-kaɗan, gwargwadon odar da aka biya kuɗinta tun kafin motar ta baro Legas.